Malam Ƙurmus Da Murhun Hajaratu

Idan ka shiga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ka tambayi gidan Malam Muhyiddeen, sai mutane su yi ta kallon juna suna cewa wanne daga ciki. Amma ka ce Malam Ƙurmus, ko tsohuwa mai sayar da daddawa za ta nuna maka da leɓe: ga shi can, gidan da ke da dogonyaro a ƙofa da benci mai ƙafa uku da bulo. Shi kansa ba ya jin haushin sunan, yakan ce shi ya jawo wa kansa. Shekara goma sha huɗu yana aika wa wani gidan rediyo mai zaman kansa a Birnin Kebbi labaran gobara, kuma da wuya ka ji wanda bai ƙare da kalmar nan ba. Shago ya ƙone ƙurmus, rumbu ya ƙone ƙurmus. Wata rana katifa ɗaya ta kama wuta a Nasarawa, aka kashe ta da bokiti biyu, mai ita ya juya ta ya ci gaba da kwana a kai, ita ma Malam ya ce ƙurmus.

Abin da masu sauraro ba su sani ba, wanda shi ne yanzu yake faɗa da bakinsa yana dariya har da riƙe ciki, a duk shekarun nan bai taɓa taka ƙafarsa inda gobara take ba. Ko sau ɗaya! Bawan Allah nan tsoron wuta yake yi.

Abin ya samo asali ne tun yana ɗan shekara bakwai a Ambursa. An gama yankan shinkafa, an cinna wa tattaka wuta a fadama, iska ta juyo ta inda yake tsaye yana ƙoƙarin kama fara. Ya kwasa da gudu ya faɗa cikin laka har ƙugu. Da kawunsa ya fizgo shi, shi ya fito, wando ya zauna. Haka ya ratsa garin tsirara yana kururuwa, wutar kuwa ko gashin ƙafarsa ba ta taɓa ba. Tun ranar ya yafe ta. Ya girma, ya yi karatu, ya koyar da Hausa a firamare shekara da shekaru, ya auri Maryamu, ya aurar da 'ya'ya biyu, amma ko maganin sauro za a kunna a ɗakinsa, Maryamu ce ke kunnawa, shi yana daga bakin ƙofa yana ba da shawara.

To yaya aka yi irin wannan mutum ya zama wakilin gobara? Murya ce ta kai shi. Allah ya ba shi murya mai kauri da daɗi, ya fara da karanta saƙonnin gaishe-gaishe ranar Lahadi. Rannan wani abokinsa ya bugo masa daga kasuwa cewa shagunan masu katako sun kama. Malam ya zauna kan bencinsa, ya ɗauko biro, ya tsara yadda harshen wuta ke tashi sama, yadda hayaƙi ya turnuƙe, yadda jama'a ke salati. Editan lokacin ya ce, "Kai Malam, kamar muna wurin!" Wannan yabon shi ya lalata shi. Ya gane cewa ana iya kasancewa a wuri ba tare da an je ba, kuma ya fi sanyi.

Daga nan ya kafa tsarinsa. Ya tara lambobin 'yan kabu-kabu masu haya da babur daga unguwar Gesse zuwa Argungu, duk inda hayaƙi ya tashi wani zai bugo. Tambaya uku yake yi: ina ne, shago nawa, an mutu? Sauran yana aljihunsa. Gobara ta tashi, ta lashe dukiya ta miliyoyin naira, ko da kuwa dukiyar buhun barkono uku ce. Jami'an kwana-kwana sun yi nasarar shawo kanta. Kawo yanzu ba a san musabbabin gobarar ba. Sai ƙurmus, sai sallama.

Ana cikin haka aka kawo sabuwar edita, Bilkisu, mace mai kaifin baki wadda ba ta kai shekarun babbar 'yarsa ba. Ta kira shi ofis ta ce, "Baba Malam, labaranka arba'in na duba, duk ba a san musabbabi ba. Mu a jihar nan gobara daga sama take faɗowa? Masu sauraro dalili suke so."

Mutumin kirki da sai ya ce to, zan riƙa zuwa. Malam kuwa ya dawo gida ya sake zama kan benci, ya raba wa gobarar duniya dalilai kamar mai rabon naman suna. In a kasuwa ce, wutar lantarki da aka dawo da ita da ƙarfi. In a gida ce, risho ko tukunyar gas. In a daji ce, masu farautar gafiya. In a bakin gulbi ce, murhun masu bandar kifi. Sai ya ɗora wa kowanne "ana zargin" a gaba, ya kuma kiyaye kada ya ambaci suna: wani mutum, wata mata. A ganinsa ya rufe kowace ƙofa. Shekara biyu yana haka, babu wanda ya ce masa kanzil, har ya fara jin cewa shi ɗin gwani ne.

Wata Talata cikin bazara, ana zafin nan da ke sa ƙadangare neman inuwa, bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Junaidu ne, ɗan kabu-kabu a Argungu.

"Malam, wuta ta kama rumfuna bakin gulbi! Bakwai sun tahi. Babu asarar rai."

"Akwai masu banda a wurin?"

"Akwai murhu guda can gehe."

"Ya isa," in ji Malam. Da ƙarfe shida na yamma muryarsa ta fita a rediyo: rumfuna bakwai sun ƙone ƙurmus a bakin gulbi a Argungu, ana zargin gobarar ta tashi ne daga murhun wata mai bandar kifi. Ya kashe rediyo, ya ci tuwon shinkafa miyar kuka, har ya nemi ƙari.

Ranar Alhamis da hantsi yana zaune ƙarƙashin dogonyaro, sai ga wata dattijuwa ta sauko daga babur, baƙa, doguwa, hannayenta duk tabon ƙuna na shekaru. Tun kafin ta ƙaraso ƙamshin hayaƙin kifi da ya kama mayafinta ya riga ta isowa. Ta yi sallama, ta ƙi zama.

"Kai na Malam Ƙurmus?"

"Ni ne, Inna. Lafiya?"

"Ni ta watar."

Bai gane ba, ya ce wace wata. Ta ce, "Wata mai bandar kihi. Sunana Hajaratu. Layin ga duka murhu guda na, nawa na, uwata tab bar mini shi. In kac ce wata, wa kake nuhi in ba ni ba? Wa yac ce maka daga murhuna wuta tat tashi?"

Malam ya gyara hula, ya jawo muryar rediyo. Ya ce ai bai ce daga nan ta tashi ba, cewa ya yi ana zargi.

"Wa ka zargin? Hwaɗa mini sunanshi in je in same shi."

Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai zargi ko ɗaya a duniya sai mai benci. Maryamu da ke bayan ƙyaure tana ji ta ce daga baya ba ta taɓa ganin mijinta ya yi ƙanƙanta haka ba, sai ka ce kazar da aka tsamo daga randa.

Hajaratu ta ba shi labari tana tsaye. Kwana ashirin da uku ba ta Argungu, tana Augie wurin 'yarta da ta haihu. A can ta ji a rediyo, a gaban surukan 'yar. Jiya ta dawo ta tarar waɗanda suka yi asara sun haɗa kai, shugaban 'yan rumfa, Ɗanladi, ya hana ta ko kusantar wurin. Ta ce musu ba ta nan, suka ce to garwashi ta bari. Garwashin mako uku! Amma wanda kayansa suka zama toka ba lissafin kwana yake yi ba, wanda zai kama yake nema, kuma rediyo ta miƙa musu. Sun yanke cewa gobe Juma'a da an sauko daga masallaci za a rushe murhun, kuma ba za ta sake hura wuta a bakin gulbin ba.

"Shekara arba'in nike wurin ga," ta ce. "Da shi nic ciyar da ɗiya shida. Ban zo roƙo ba. Tashi mu tahi ka ga abin da kar rubuta."

Wallahi Malam ya nemi hanyar zillewa. Ya ce ƙafa, ya ce zafi, ya ce bari ya bugo wa Junaidu. Maryamu ta fito ta ajiye masa takalmansa a gabansa. Haka aka yi wakilin gobara ya shiga motar Argungu karon farko don ganin gobara, ya matse a baya tsakanin Hajaratu da buhun albasa. Da suka wuce Ambursa ya juyar da kai don kada ya ga fadamar da ta ci masa wando.

Wurin bai yi kama da abin da ya saba rubutawa ba. Babu harshen wuta, babu salati. Baƙar ƙasa ce da kwanon rufi da ya lanƙwashe, da warin robar da ta narke, da mutane zaune jugum-jugum. Wani tsoho yana tona toka da kara yana tsince dalmar komarsa ta kamun kifi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tsaya yana kallonsa, kunya ta kama shi. Rumfuna biyar ne ma suka ƙone, biyu gefe kawai wuta ta lasa.

Ɗanladi ya taso, ƙaton mutum, idanunsa jajaye don shi ma rumfarsa ta tafi da buhunan shinkafa a ciki. Da aka ce masa ga mai rediyo, sai ya kama hannunsa da hannu biyu. "Madalla da kai Malam, kai kat tona gaskiya!" Malam ya ce a ransa da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Ya ce yana so ya duba murhun. Yana can ƙarshen layi, ginin laka ne mai faɗi kamar ƙaramin rumbu, an rufe samansa da kwano an danne da dutse, yadda Hajaratu ta bar shi. A ƙasa akwai bakin da ake tura itace. Mutane suka taru a bayansa, an ji mai rediyo zai yi bincike. Babu yadda zai yi. Ya tattare babbar riga, ya durƙusa, ya tura kansa cikin duhun.

Sai ya ga wani abu ja yana motsi.

"Wuta! Wuta ta! Ku taimake ni!" Hausar rediyo ta gudu, ta Ambursa ta dawo. Ya ja da baya da gindi, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ya faɗa kan ƙafafun Ɗanladi. Jama'a suka watse, wani har ya ɗauko bokiti. Daga cikin murhun kuwa sai aka ji wani gurnani na fushi: ƙurrr.

Wata mai tuwo da ake kira Ummi ta sunkuya ta leƙa, sai ta dafe ƙirji. "La ilaha! Kazata! Ni da nic ce muzuru ya cinye ta!" Jan abin da Malam ya gani tukkun kaza ne. Tana kwance abinta cikin tsohuwar toka, ta baje fukafukai. Ummi ta tura hannu, ta sha sara biyu, ta ƙirga ƙwai goma sha ɗaya.

Malam yana zaune a ƙasa yana haki, bai ma fahimci abin da aka gano ba. Tsohon malamin makaranta guda, sai da mai tuwo ta yi masa darasi: kaza ƙwai ɗaya take yi a rana, in ta yi ƙoƙari. Ba ta tara goma sha ɗaya a kwana biyu, ba ta kuma kwanci kan garwashi. Murhun nan ya fi mako biyu da sanyi.

Aka yi dariya har da masu asara. Amma Ɗanladi bai yi ba. Ya ce shi bai iya komawa ya ce wa mutum talatin kaza ta ce. Waɗanda suka fi zafi ma ba sa nan, sun tafi neman itacen gini. "Rediyo tac ce ita ta. In ba ita ba ta, rediyo ta hwaɗi. In ba mu ji ba, gobe gatari za shi yi aiki."

Ƙarfe uku ta wuce. Malam ya tsinci hularsa, ya nemo takalmi, ya kama motar Birnin Kebbi. Biyar da kwata ya faɗa ofishin Bilkisu, toka har gira. Ta saurare shi, ta dafe kai, ta ce gidan rediyo ba ya fitowa ya ce ya yi ƙarya, gobe wa zai yarda da su? A bari ya wuce, mutane za su manta.

"Ranki ya daɗe, su za su manta, murhun ba zai tashi ba," in ji shi. "Kuma ba gidan ne ya yi ba, ni ne. Ke kin ce in nemo dalili, ba ki ce in ƙirƙiro ba. Ki bar ni in faɗa da bakina, in kin so ki kore ni bayan nan."

Ta ce daƙiƙa arba'in, ko ɗaya kada ya ƙara. Ga abin da mutanen Kebbi suka ji da ƙarfe shida, kuma har yau akwai masu iya maimaita shi:

"Ranar Talata wakilinmu ya shaida muku cewa ana zargin gobarar bakin gulbi a Argungu ta tashi daga murhun wata mai bandar kifi. Babu wanda ya yi wannan zargi sai shi wakilin, kuma daga ƙarƙashin bishiya a Badariya ya yi shi. Yau ya je ya duba. Murhun na Malama Hajaratu ne, kwana ashirin da uku ba a hura shi ba, akwai ma kaza kwance a ciki kan ƙwai goma sha ɗaya. Rumfuna biyar ne suka ƙone, ba bakwai ba. Kawo yanzu ba a san musabbabin gobarar ba. Wakilin da ake magana ni ne, Muhyiddeen, kuma ina neman gafararta."

Yakan ce jimlar nan ta ba a san musabbabi ba ya karanta ta sau ɗari, amma ranar ce kawai ya wahala kafin ya same ta.

Juma'a ta zo ta wuce, gatari bai taɓa murhun ba. Bilkisu ba ta kore shi ba, ta dai kafa masa doka: ba ta karɓar labarin gobara daga gare shi sai ya shigo ofis tana jin warin hayaƙi a rigarsa. Garin kuwa ya samu abin nishaɗi. Duk inda ya gifta sai wani ya yi kukan kaza. Malam ya fara jin daɗin kansa kuma, yana ganin ya yi jarumtaka, har yana ƙara wa labarin gishiri a majalisa.

Bayan kusan mako uku Junaidu ya bugo, ya ce Inna Hajaratu na kiransa. Ashe duk kwanakin nan ba ta hura murhun ba, ta ce ba za ta tashi kazar da ta tsaya mata ba sai ta ƙyanƙyashe. Tara suka fito. Malam ya isa da safe yana tsammanin godiya. Ya tarar ta jera tarwaɗa kan ragar waya, ta tura ƙirare, tana zaune kan turmi. Ta miƙo masa ashana.

"Hura."

Ya ce Inna ai shi ba ya... Ta ce ta sani, duk Argungu an sani. Hura. Ya durƙusa. Ƙwayar farko ta karye, ta biyu ta mutu, ta uku ya yar da ita tun kafin ta kama. Ta huɗu ta ci. Ya kumbura kumatu ya hura, hayaƙi ya dawo masa a fuska, ya yi tari kamar zai amayar da hanji, amma bai gudu ba. Ta sa shi ya zauna nan har azahar, yana kallon yadda take rage itace in wuta ta so yin yawa, yadda take yayyafa ruwa, yadda ba ta ɗaga ido daga kanta ko ana yi mata magana.

Can ya kasa haƙuri ya ce, "Inna, ai dai komai ya gyaru ko?"

Ta juya kifi ba ta dube shi ba. Ta ce masu sayen kifinta biyu daga Birnin Kebbi sun koma wurin wasu tun makon farko, ba su dawo ba. A Augie har yanzu dangin mijin 'yarta in za ta shiga madafa sai wata ta biyo ta. "Labari na hwarko kowa ya ji, ya riƙe. Na biyu an ji kaza, an yi dariya. Kai da kaza kunka yi suna. Ni har gobe in na wuce sai in ji an ce ga ta can."

Daɗin da Malam yake ji na makonni uku ya zube nan take, ya ji ya tsani muryarsa.

Da zai tafi ta zaɓo tarwaɗa mafi girma, mai zafi, ta naɗe a takardar siminti ta ɗora masa a hannu. Ya fara godiya, ta tare shi.

"Ba taka ba ta. Kai ma editarku. In ta tambaya daga ina, ka ce daga wata mai bandar kihi."

Ya riƙe ƙunshin a cinya tun daga Argungu har Birnin Kebbi, yana ƙona shi ta cikin riga, bai sauke ba.